Saƙon Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Hannuna

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu. Na ga ya wajaba in yi godiya a fili, bayan shekarun da na shafe ina fama da kallon batsa a ɓoye, alhali kowace Lahadi ina tsaye cikin mawaƙa kamar babu abin da ke cina.

Godiya ta farko ta Allah ce, wanda bai gaji da ni ba. Na sha yin azumi da alkawari, in goge komai daga wayata ina hawaye, amma kafin mako ya zagayo na koma gidan jiya. Har ta kai ina barin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu, ya wuce ni, kaina a sunkuye kamar mai addu'a, nan kuwa kunya ce.

Baba Fasto, na gode. Ranar da na zo wurinku bakina ya yi nauyi, ba ku zare mini ido ba, ba ku kuma sassauta wa zunubin suna ba. Kun buɗe Zabura 51, addu'ar da Dawuda ya yi bayan annabi Natan ya tsawata masa a kan Batsheba, kuka sa na karanta da bakina har aya ta 10, inda yake roƙon tsarkakakkiyar zuciya. Daga nan kuka kai ni Farawa 39, kuka nuna mini cewa Yusufu bai tsaya gwada ƙarfinsa a gaban matar Fotifar ba, rigarsa ya bari a hannunta ya fice, kuma gudun ne manzo Bulus ya umarta a 1 Korintiyawa 6:18. Ni kuwa duk shekarun nan ina kwana da wayar a gefen matashina, wai ina yaƙi da jaraba.

Uwargidana, kin ji maganar da ta soki zuciyarki, kika rufa mini asiri, kika kuma yafe. Yanzu a falo wayar take kwana, ke kike riƙe da lambar sirrinta, kuma ban taɓa jin kin goranta mini ba. Allah ya sāka miki da alheri.

Haka kuma ɗan'uwan da ke kirana kowane mako yana tambayata ba kwana-kwana, bisa ga Yakubu 5:16, inda aka ce mu riƙa furta wa juna zunubanmu, na gode da naciyarka, ko da yake akwai ranakun da na ga kiranka gabana ya faɗi.

Jarabar ba ta daina ƙwanƙwasa ƙofa ba, saboda haka ina roƙon ku ci gaba da sa ni cikin addu'a. A Jibin da ya gabata dai na miƙa hannu na karɓa.