Yadda na sa rubutu mai tsari a cikin alƙawuran kalandar Outlook

Aikin da ke gabana shi ne ɗauko jadawalin taruka daga Excel in mayar da kowane layi alƙawari a kalandar Outlook ta hanyar VBA, yaren rubuta kod da ke cikin manhajojin Office. Kowane alƙawari na buƙatar kanun ajanda da rubutu mai kauri, wurin taro da jan launi, sai mahaɗin takardun da za a tattauna a kai. Ƙirƙirar alƙawarin ba wuya: CreateItem(1), sai a cike Subject da Start da Duration. Matsalar tana cikin jikin saƙon.

Wanda ya saba da imel zai miƙa hannu ga HTMLBody, sai ya tarar AppointmentItem, wato alƙawari, ba shi da shi, na MailItem ne, wato imel. Abin da ke akwai shi ne Body, kuma shi rubutu zalla yake karɓa. In ka zuba masa alamomin HTML, haka za su fito tsirara a gaban mai karatu.

Na fara gwada RTFBody, wanda ya shigo tun Outlook 2010, mai karɓar RTF, wato rubutu mai ɗauke da umarnin tsari a cikinsa. Ba ya karɓar jimla kai tsaye, sai jerin bayit, don haka ana rubuta RTF ɗin sannan a juya shi da StrConv tare da vbFromUnicode. Ana buɗe kauri da \b, a rufe da \b0, sabon sakin layi kuma \par. A bar fili bayan kowane umarni, in ba haka ba zai manne da kalmar da ke biye, kalmar ta ɓace.

A nan ne Hausa ta tona asirin hanyar. StrConv na mayar da rubutu zuwa tsarin haruffan ANSI na kwamfutar, wanda babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa, sai su lalace, galibi su koma alamar tambaya. Maganin shi ne a rubuta kowannensu da lambarsa ta Unicode kafin a juya: ƙ ita ce \u409?, ɗ ita ce \u599?, ɓ kuma \u595?. Manyan su ne 408 ga Ƙ, 394 ga Ɗ, 385 ga Ɓ. Wato "ƙarfe" za ta zama \u409?arfe. Alamar tambayar da ke biye da lambar ba kuskure ba ce, ita ce madadin da tsohuwar manhaja za ta nuna in ba ta gane harafin ba, kar a cire ta. Shi ma editan VBA ba ya riƙe waɗannan haruffa in an buga su cikin kod, sai da ChrW(409) da makamantansa. Rubutun da aka karanto daga gidajen Excel kuwa lafiya yake zuwa.

Duk da haka hanyar da na tsaya a kai ita ce WordEditor. Tun Outlook 2007 Word ne ke riƙe da tagar rubutun, saboda haka GetInspector.WordEditor na ba ka takardar Word cikakkiya. Ka saka rubutu da InsertAfter, ka ɗauki sakin layin ka sa Font.Bold, mahaɗi kuma da Hyperlinks.Add, har tebur da Tables.Add. Haruffa masu lanƙwasa suna shiga ba gardama, wannan kaɗai ya isa dalili a wurina. Sai dai a kira Display kafin a taɓa takardar, sannan Save, sannan Close. Da na tsallake Display don gudun walƙiyar tagogi, wasu alƙawuran sun adanu babu tsarin da na sa musu.

Abubuwa biyu sun ci min lokaci. Na farko, duk wanda ya taɓa Body bayan ya gama tsari, ko da ƙarin layi ɗaya ne, ya shafe kauri da launi gaba ɗaya. Na biyu, in ba a haɗa laburaren Word a cikin References na editan VBA ba, sunaye irin su wdColorRed ba su da ƙima, kod ɗin zai gudu shiru launi bai fito ba. Rubuta Option Explicit a saman kod ɗin na kama wannan tun kafin a fara.

Akwai masu gina imel na wucin gadi da HTMLBody, su kwafe shi su liƙa cikin alƙawarin. Yana aiki, amma ya dogara da allon kwafe, kuma in mai kwamfutar ya kwafi wani abu a tsakiyar aikin, shi za a liƙa.

Duk wannan na tsohon Outlook na Windows ne. Sabon ba ya gudanar da VBA, can sai Microsoft Graph, ƙofar da manhajoji ke bi ta intanet su kai ga bayanan asusun Microsoft: a aika buƙata zuwa /me/events da izinin Calendars.ReadWrite, a sa contentType ya zama html. In taron Teams ne, a karanto jikin da ke akwai a ƙara a kansa, domin maye gurbinsa ɗungurungum na iya kashe mahaɗin shiga taron.