Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shigata Mastas a Akoka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda na gama bautar ƙasa na dawo Legas gun Kawu a kasuwar Mile 12, ina riƙe masa lissafin kwandunan tumatur da buhunan albasa da manyan motoci ke saukewa daga Arewa. To yau zancen mastas ne, don da yawanku kun yi ta turo min saƙo kuna tambayar ya abin yake.

Ranar da na gaya wa Kawu zan koma makaranta sai da ya ajiye carbinsa ya ce, "Kai ɗan nan, digirin da ka yi bai ishe ka ba?" Na ce Kawu wannan na biyu ne, kuma ba zan bar kasuwa ba. Ya ce to Allah ya sa albarka, amma motar asuba kai za ka ci gaba da tara.

Jami'ar Legas na nema, wadda ke Akoka, wadda aka kafa a 1962. Fom a intanet ake cikewa, sai takardar gama bautar ƙasa, sai takardar sakamakon duk kwasa-kwasan da ka yi wadda tsohuwar jami'arka za ta turo, ita wannan don Allah ku fara bin ta da wuri tun kafin a buɗe fom. Mai HND ko wanda sakamakonsa bai kai ba yawanci sai ya fara bi ta PGD, wato diflomar share fagen mastas.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne aji. Mu da muka saba malami ya shigo ya yi ta karanto mana muna rubutawa, a haddace a zuba masa a jarrabawa, a nan babu wannan. Za a ba ka jerin maƙalu a ce ka je ka karanto, mako mai zuwa kai za ka tsaya gaban aji ka yi bayani, kuma ba bayanin abin da marubucin ya ce kawai ake so ba, za a tambaye ka kai me ka gani, ina hujjarsa ta yi rauni, da wane irin bincike ya kai ga wannan magana, kana cikin amsawa wata ma'aikaciyar banki da ta girme ka ta ɗaga hannu ta ce ba ta yarda ba. Da farko sai na ji kamar ana ci min fuska, don mu a gida ba a taso mu da musu da babba ba. Sai daga baya na gane karatun ke nan, kuma wallahi shi ne ya fi min amfani.

Hanya kuwa wani kwas ce mai zaman kanta. Daga Mile 12 in hau babbar bas ta BRT ta titin Ikorodu, Ketu, Ojota, Maryland har Fadeyi, in nemi motar Yaba, daga nan ta cikin makaranta. In gosulo ya kama ka a Ojota sai dai addu'a. Yawancin maƙalun nan a waya na karanta su cikin mota, in na isa in yi salla a masallacin jami'a in wuce aji.

Sai batun sufabaiza, malamar da aka haɗa ni da ita don duba aikin bincikena. Na kai mata take a kan matsalolin noma a Najeriya, ta karanta ta ce wannan aikin mutum hamsin ne, ina kake aiki? Na ce kasuwar Mile 12. Ta ce tumatur nawa ne ke lalacewa tsakanin Kano da nan? Na ce Ma, da yawa, musamman na ƙasan kwando in an jibga wani kan wani. Ta ce "da yawa" ba amsa ba ce, je ka auno min, ka gwada kwandon saƙa da na roba, ka yi hira da dillalai da direbobi da Hausar da su malamai ba su iya ba. Ni da nake ɓoye cewa a kasuwa nake wuni, ashe nan ne arzikin karatuna yake.

Ku kuma shirya wa lokaci. A takarda za ka ga shekara ɗaya da rabi ko biyu, amma yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, ga jiran ranar semina, ga jiran malamin da zai zo daga wata jami'a ya duba kundinka kafin ka kare shi. Kuɗin data da na buga takardu ma a sa su a lissafi tun farko.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar da na shiga cikin dillalai da takardar tambayoyi, da abin da shugaban layinmu ya ce da ya ga sikeli a hannuna.