Kafin a rufe bango da filasta

Ranar Asabar na leƙa ginin ɗan ƙanina a Yelwa, nan Garwa. Na tarar magina sun kwaɓa siminti za su fara filasta, shi kuwa yana gefe yana danna waya. Na zaga ɗakunan nan uku, ko rami ɗaya ba a bari ba don na'urar sanyaya ɗaki. Na tambaye shi, sai ya ce, "Baffa, ai sai an tare tukuna, in kuɗi ya samu." Gabana ya faɗi, don maganar da na yi ke nan da bakina lokacin nawa ginin.

Mun tare da damina, gari lumui. Da bazara ta kama, zafin Garwa ya haura digiri 40, ga uwargida da goyo, ba mai barci. Na sayo na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin mai kashi biyu, ɗaya a ɗaka ɗaya a waje. Mai haɗawa ya fasa bangon da na kashe wa kuɗin fenti ina kallo. Ramin da ya huda bai gangara waje ba, sai ruwan da na'urar ke fitarwa ya riƙa komowa ciki. Har yau tabon yana nan a saman gadonmu, fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Wuta kuma daga soket ɗin talabijin aka jawo da siririyar waya. Wani dare muka ji ƙauri, soket ya narke ya yi baƙi ƙirin, yarinya tana kwance kusa da shi. Allah ne ya kiyaye.

A yi mini adalci dai. Lokacin kuɗin siminti da kwano sun sha kaina, maginin kuma bai ce mini uffan ba. To amma ni ma ban tambaya ba. Kuma ni na nace a kafa kashin waje a bangon yamma, inda rana ke dukansa tun daga azahar, don kada ya ɓata gaban gida. Wannan ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Na so in jero muku abubuwa da yawa, amma na san ku, ba ku da haƙurin karatu. Ka kira mai haɗa na'urar kafin filasta, ya nuna inda komai zai bi. Ramin ya gangara waje. A ja wa na'urar wayarta mai kaurin da masu aikin wuta ke kira 2.5 tun daga akwatin wuta, ba ta tarayya da komai. Kashin waje a inuwa, inda iska ke ratsawa, kuma kusa, don in bututun tagulla ya yi tsawo sai an ƙara gas. Wutarmu daga madatsar Lagdo take, da bazara ruwa kan ja baya, wuta ta yi rauni, sai ka tanadi sitabilaiza.

Kada ka ci bashi don sanyi, kakanninmu a tsakar gida suke kwana. Amma kuɗin wayar wuta da bututun nan, ko rance ne ka karɓo yau. Kuna da kuɗin sabuwar wayar hannu duk shekara, wannan ne zai gagare ku?

Yaron ya ce an riga an biya magina kuɗin yini. Na zaro na biya, na ce su bar bangon ɗakin kwana yadda yake. Litinin zan kawo mai haɗawa da kaina.