Maikirowef yana tartsatsi alhali ba ƙarfe a ciki

Miyar kuka nake ɗumamawa a cikin roba irin wadda aka yi don maikirowef, babu cokali babu komai na ƙarfe, kawai sai na ji tas tas tas daga gefen dama, ga wani haske shuɗi yana walƙiya ta gilashin ƙofa, can kuma sai ƙauri ya cika kicin. Nan take na kashe na zare fulogi.

Maganar cewa ƙarfe na sa maikirowef tartsatsi dai kusan kowa ya ji ta, amma ba kowa ya san dalili ba. Na'urar tana harba igiyoyi ne irin na rediyo masu mitar gigahaz 2.45 daga wani abu da ake kira magnetron, su ke motsa ruwan da ke cikin abinci ya yi zafi. Idan suka samu ƙarfe sai lantarki ya taru a wuri mai tsini ko baki mai kaifi har ya yi tsalle ta iska, shi ne tartsatsin. Shi ya sa cokali mai yatsu da foyil ɗin da aka cukuikuye suka fi komai yi. Ga kuma farantan tangaran ɗin nan masu bakin ruwan gwal da ake jera wa amare a kabad, su ma suna yi wallahi, har zanen ya ƙone ya yi baƙi. Kwanon silba in ya taɓa bango haka, ƙusar sitefula a jikin ledar shayi ma haka.

To ni babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maigidana ya ce ai maikirowef ɗin ya mutu kawai a haƙura, ni kuma na ce a dai kai wa mai gyara ya gani tukuna.

Mutumin ko kwance shi bai yi ba, ƙofa kawai ya buɗe ya haska fitilar waya a bangon dama, ya ce Hajiya leƙo ki gani. Wani ɗan faifai ne mai kama da kwali, launin toka mai ɗan ƙyalli, ni da na ɗauka ado ne ma. Maika ake ce masa, shi ke rufe ramin da igiyoyin suke shigowa. Nawa ya yi baƙi ƙirin a tsakiya har ya huje kamar girman farce. Manja da man gyaɗa da ke fantsama duk lokacin da aka ɗumama miya a buɗe su ne suka manne a jiki, suka yi ta dahuwa har suka zama gawayi, gawayi kuwa yana ɗaukar lantarki, daga nan wutar ke tashi. Ya ciro shi, ya goge ramin tas, ya ɗora tsohon a kan sabon faifai ya yanka da almakashi daidai girmansa ya mayar. Muka sa kofin ruwa muka gwada, shiru. Da na ci gaba da amfani da shi a haka wutar na iya cin magnetron ɗin, shi kuma kuɗinsa ba wasa ba ne.

Ya kuma ɗaga farantin gilashin ya duba inda tayoyin ke zagayawa, don nan fenti ke fara ɓarewa tsatsa ta shiga, ƙarfen da ya fito fili ma yana tartsatsi. In tsatsa ta huda bangon gaba ɗaya wannan kam ba gyara, a sayi wani.

Abin da ya fi jaddada min shi ne kar in bari kowa a gida ya kwance bayansa, ko an cire daga soket. Akwai kafasita, wata aba mai adana lantarki, a ciki da ke iya riƙe kusan bolt 2,000 bayan an kashe, kuma tana kisa.

Yanzu komai sai na rufe shi da murfin roba kafin in sa, in na gama kuma in goge ciki da ɗanyen tsumma musamman wajen faifan nan. Yara na hana su kunna shi ba komai a ciki saboda igiyoyin komawa suke kan magnetron, kuma na hana su gwada inabi, don ƙwaya biyu da ke taɓa juna suna tayar da wuta ta gaske. In kuwa abu ya kama a ciki kar a buɗe ƙofa, a kashe a zare fulogi a bar shi a rufe har wutar ta mutu don kanta.