Leyoyin zane su ne jarin shagonmu

Aikinmu zane ne a kwamfuta: hoton ango da amarya na katin gayyata, bangon littafi, hotunan littattafan 'yan firamare, kalanda, sai fastar 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. Shagon ɗan ƙarami ne a cikin garin Jos, ba nisa da Terminus, ni da yara masu koyon aiki. Duk yaron da aka kawo mini, komai iya zanensa a takarda, ba ya taɓa aikin kwastoma sai na ga ya iya tsara leya.

Ga wanda bai sani ba, leya tamkar fararen ledoji ne masu shara-shara a jere ɗaya kan ɗaya. Ka zana fuska a wannan, riga a waccan, bango a ta ƙasa, in ka leƙo daga sama ka ga hoto guda. Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya yi rajistar hanyar zana 'yan katun a kan falle mai shara-shara, don kada a riƙa sake zana bango a kowane motsi. Ita kanta manhajar gyaran hoto ta Photoshop da ta fito a 1990 ba ta da leya, sai a fitowa ta 3.0 cikin 1994. Kafin nan duk abin da ka shafa ya zauna daram a kan na ƙasa.

Ɗauki hoton dattijo cikin babbar riga, irin wanda 'ya'ya ke sa a zana wa mahaifinsu. Daga ƙasa nake farawa: bango, sai launin fata a shimfiɗe ba inuwa ba haske, sai rigar ita ma launi ɗaya, sai aikin wuya, in aska takwas ne a bi shi zare-zare a leyarsa shi kaɗai, sai hula. Inuwa tana sama da su, haske sama da inuwa, layin alƙalami a can ƙololuwa. Ranar karɓa Alhaji zai zo da kansa, ya gyara tabarau, ya ce, "Ɗana, aiki ya yi kyau, amma ni ba na sa shadda ruwan toka. Mai ruwan bula nake so." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, zauna." Kafin ya gama amsa waya rigar ta sauya, kuma duk wata lanƙwasa da ninkin yadin suna nan inda suke. Wanda ya zana komai a leya ɗaya kuwa, kwana zai yi yana sake riga, kuma Alhaji ba zai ƙara masa ko sisi ba.

Abin da ya sa ninkin yadin bai ɓaci ba shi ne leyar inuwa tana kan tsarin da ake kira maltifilai. Lissafi ne mai sauƙi. Kowane launi a kwamfuta haɗin ja da kore da shuɗi ne, kowannensu da lambarsa daga 0 zuwa 255. Manhajar tana ninka lambar sama da ta ƙasa, ta raba da 255. Fari 255 ne, saboda haka ba ya canza komai. Baƙi sifili ne, yana cinye duk abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa idan yaro ya yi zane da fensir a farar takarda muka ɗauke shi da sikana, sai mu sa shi a maltifilai: farin takardar ya ɓace, layin ya rage, a zuba launi ta ƙasa.

A nan ne nake rabuwa da yawancin darussan da yara ke kallo a YouTube. Da farar fata ake koyar da su, inda inuwa ke fitar da siffar fuska. Fatarmu ba haka take ba. Ka zuba mata ruwan toka a maltifilai, fuskar ta yi duhu ta mutu, kamar mai jinya. Inuwar baƙar fata tana son ɗan ja-ja mai ratsin shuɗi, kuma a yi ta sama-sama. Haske ne ke yin aikin: goshi, karan hanci, saman kunci, leɓen ƙasa. Don haka leyar haske ta fi cin lokacina a kan ta inuwa, kuma a gabanta nake zaunar da sabon yaro.

Akwai wasu dabaru biyu da ba na sassauci a kansu. Ana ɗaure leyar inuwa a kan leyar riga, ta yadda ko hannu ya zarce fenti ba zai fita daga jikin rigar ba. Sannan ba a gogewa, rufewa ake yi: ka sa wa leya mayafi, inda ka shafa baƙi ya ɓoye, inda ka shafa fari ya bayyana. Hajiya ta ce a cire sarƙar wuyan amarya, bayan la'asar ta bugo ta ce a mayar, sarƙar tana nan ƙarƙashin mayafi.

Amma yawan leya ma cuta ne. Takardar A4 a tsaftar bugu ta ɗigo 300 a kowane inci tana da fiksel, wato ɗigon hoto, 2480 a faɗi, 3508 a tsaye, kusan miliyan 8.7 ke nan. Kowane fiksel bait huɗu yake ci, don haka cikakkiyar leya ɗaya ta kusa megabait 35. Talatin irinta sun haura gigabait guda. Laftof ta hannu mai ram gigabait 4 sai ta fara nishi, alƙalami ya wuce layi bai biyo ba, ana cikin haka a ɗauke wuta. Manhajar zane ta Procreate da ke iPad ma ƙayyade maka yawan leya take yi, gwargwadon girman shafin da ƙarfin na'urar. Ga kuma wata illa da ba ta shafi na'ura ba. Yaron da ke buɗe sabuwar leya a kowane shafin burushi tsoro ne ke damunsa, kuma zanensa yakan fito a sandare, launuka ba su shiga juna. Idan launin fuska ya zauna, nakan sa a haɗe leyoyinta a ci gaba da fenti a guda ɗaya. Riga, hula, bango da rubutu ne ake bari a ware, su ne kwastoma ke taɓawa. Kuma kowace leya da sunanta: "inuwar wuya", "aikin aljihu". Wanda ya miƙo mini fayil cike da sunaye irin su "leya 47" da "kwafin leya 47", komawa zai yi.

Maganar manhaja ba ta da tsawo. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mai da Photoshop na haya, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 hayar ta yi wa ƙaramin shago nauyi. Yara da Krita suke koyo, kyauta ce kuma ba ta da kasawa a wajen fenti. Tana buɗe fayil ɗin Photoshop, wato PSD, sai dai ba komai ke haurawa lafiya ba, musamman rubutu.

Rubutun nan ma da tarkonsa. Ba kowane salon harafi ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan ka aika wa mai bugawa fayil da rubutu a buɗe, kwamfutarsa ba ta da salon da ka yi amfani da shi, sai "ɗaurin aure" ya fito da ɗan akwati a wurin harafin farko, a kan kati ɗari biyar. Saboda haka kwafin da ke fita daga shagon a haɗe yake, leya ɗaya. Nakan haɗe shi tukuna kafin in juya shi zuwa launin bugu na CMYK, domin in aka juya leyoyi suna ware inuwar takan canza. Kuma a WhatsApp a matsayin takarda ake tura shi, in ba haka ba manhajar ta matse hoton.

Fayil mai leyoyi kuwa yana wurina, a kwamfuta da kuma wani faifan ajiya daban. Shi ne ke dawo da kwastoma. Makaranta ta dawo baɗi a canza shekarar kalanda da hoton ɗalibai. Ɗan takara ya sauya sheƙa, a kashe leyar tutar da, a kunna sabuwa, murmushinsa bai motsa ba. Wasu sun gane haka, sukan ce, "Oga, haɗa mini da ainihin fayil ɗin mana." Ba na hanawa, amma kuɗinsa daban ne, kuma tun ranar ciniki nake faɗa, kafin a ba da kafin alƙalami, domin na san daga nan wurin wani yaro mai laftof a Ahmadu Bello Way za a kai shi ya riƙa gyare-gyaren a rabin farashi.