Daga Lambunan Bukuru Zuwa Ɗakin Gwaji

Ƙanwata ce ta ja ni zuwa Jos. Tana digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma, bincikenta ya buƙaci ta ɗebo ƙasa daga lambunan Filato, Inna kuma ta ce ba za ta tafi ita kaɗai ba. Mun tashi daga Zariya bayan asuba, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka. Muna wuce Jengre hanya ta fara hawa, kowa ya laluɓo rigar sanyi. Jos na bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200, hunturunsa kuwa sai wanda ya ɗanɗana.

Washegari muka nufi Bukuru. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a yankin, suka tafi suka bar ramuka da suka cika da ruwa, ga tsibin ƙasa ko'ina. A cikin yashin da aka wanke kuza aka zubar akwai ma'adinin monazayit, mai ɗauke da sinadarin toriyam da ke fitar da tururin radiyeshan. A gefen kududdufan nan ne masu lambu ke noman rani: kabeji, karas, latas, tumatir, kayan da ake lodawa a kasuwar Farin Gada a kai garuruwa masu nisa.

Wani dattijo Bakano da ya tsufa a Jos ya ba mu izinin shiga lambunsa. Ƙanwata ta riƙa murɗa ƙarfen ɗiban ƙasa zuwa zurfin santimita 20, nan da can, ta haɗa a bokiti ta cakuɗa, ta ƙulla a leda ta rubuta lamba. Ni aikina riƙon bokiti.

"'Yata, ƙasar nan ba ta da ƙarfi," in ji shi. "In ba toka, ba ta ba ka komai."

Tokar sharar gari yake nufi, wadda ake ƙonewa a bola a kawo musu. Na tsuguna na tona tsibin da ke bakin kwami, sai ga narkakkiyar leda, fasassun kwalabe, da wani tsohon batir da ya fashe. Ƙanwata ta ce, "Baba, gaskiyarka. Ƙasar tana da tsami, toka na kashe shi." Damuwarta abin da ke biyo tokar ne. Batura da tarkacen kayan lantarki na iya zuba dalma da kadmiyam, kuma hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kadmiyam cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Ganyayyaki irin latas sun fi zuƙarsa, musamman a ƙasa mai tsami. Ban ga laifin dattijon ba ko kaɗan. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsa, ilimin tokar kuma nasa ne na gaske.

Da yamma muka ziyarci ƙawarta da ke aiki a ɗakin gwajin wani asibiti. Ta ɗora ɗan gilashi a madubin likita ta ce, "Yaya, leƙa." Yankin hanta ne da aka rina da ruwan hoda da shuɗi-shuɗi. A gefe guda ƙwayoyin halitta na jere tsaf. A ɗaya gefen sun cunkushe, sun hau juna, cibiyoyinsu manya, baƙi ƙirin. Sankara ke nan.

Abin da ya girgiza ni shi ne da ta ce wannan ma sau da yawa daga ƙasa yake farawa. Akwai wata fumfuna, Aspergillus flavus, da ke zaune a ƙasar gona, tana kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya taɓa su ko an adana su da danshi. Tana fitar da gubar aflatoksin. Gubar na isa hanta ta lalata ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta kamar na birkin mota ne: ita ke tsayar da ƙwayar da ta lalace kada ta ci gaba da rabuwa. In mutum na da ciwon hanta nau'in B, haɗarin sai ya ninka sosai. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, irin fumfunar da ba ta da guba, ana watsa kilo 10 a hekta makonni 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, ta mamaye gonar ta hana mai gubar wuri. Manoma nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin sunansa? Ƙawar ƙanwata ta sa na yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin mu fita, ban yi musu ba.

Ledojin ƙasa muka cika bayan mota da su. A Samaru za a shanya su a inuwa, a daka, a tankaɗe da rariya mai milimita 2, sannan a auna tsami da ƙarafan. Dattijon ya ce ɗalibai da yawa sun ɗebi ƙasarsa, babu wanda ya dawo ya faɗa masa abin da aka gani. Ƙanwata ta karɓi lambar wayar ɗansa, ta ce za ta rubuta masa sakamakon da Hausa.