Rasit da Ruwan Baftisma

Duk wanda ya taɓa yi wa wata ma'aikata sayayya ya san tambayar da mai shago kan yi idan ya jawo littafin rasit, biro a hannu, murya ƙasa-ƙasa: "Nawa zan rubuta, yallaɓai?" Kayan naira 40,000 ne, amma a shirye yake ya rubuta 50,000. A wurinsa wannan kyautatawa ce, don gobe ka dawo. Aikina ke nan a wata makarantar kwana, ni ke sayo hatsi da sabulu da takardu. Ran Asabar kuma ina koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu.

A kasuwa na fahimci Luka sura 3. Da masu karɓar haraji suka zo Kogin Urdun wurin Yahaya Mai Baftisma, suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su bar aikin ba. Cewa ya yi kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade musu. Sojoji ma suka tambaya, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su gamsu da albashinsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi nauyi, musamman ga wanda albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, ga kuɗin makarantar yara, ga na haya. Ina jin zafin abin a jikina, shi ya sa ba na karanta wa ɗalibaina ayar da gaggawa.

Littafi Mai Tsarki ya san kasuwa sarai. Maimaitawar Shari'a 25:13 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami. Ni kuwa na ga mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, daga waje ba ka ganin komai, sai ka juye a kwanon gida. Mai wannan mudu zai iya zama mai baftisma, yana ma cikin ƙungiyar mawaƙa.

Da yawa cikin matasan ajin suna son a bayyana musu zurfafan abubuwa, Ruhu Mai Tsarki da Ru'ya ta Yohanna. Ina jin daɗin ƙishirwarsu. Amma Ayuba 28:28 ya ce tsoron Ubangiji shi ne hikima, rabuwa da mugunta kuwa ita ce fahimi. A ganina, wanda ya ƙi rasit na ƙarya ya riga ya fara fahimtar Allah, ko da bai haddace aya ba.

Yanzu kafin dattawa su yi musu tambayoyin ƙarshe, nakan tambayi kowa sana'arsa, tela ne ko ɗan acaɓa ko mai awo, mu zauna mu duba inda ha'inci ke shigowa a cikinta. Telan ajinmu da bakinsa ya kawo maganar ragowar yadin mutane.